DOGON BENE A ƘASAR ZAFI: ABIN DA IDO KE SO DA ABIN DA JIKI KE BUKATA

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, garin Gusau bai daina faɗi ba. Zamansa babban birnin jiha ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa, kafa Jami'ar Tarayya a 2013 ya ƙara jawo malamai da ɗalibai, sannan rashin tsaro ya koro jama'a masu yawa daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan jihar zuwa cikin gari. Gonakin da ke gefen Damba da Samaru sun koma fuloti, fuloti kuwa ya yi tsada. Ko'ina a duniya, idan ƙasa ta yi tsada sai gini ya nufi sama. Benayen Gusau ba su kai na Legas da Abuja ba, inda ake tayar da dogon gini mai hawa goma ko ashirin, a yanka shi gida-gida a sayar wa kowa nasa. Namu galibi hawa biyu ne ko uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi ko ɗakunan haya a sama. Amma salon can ɗin ya riga ya iso: bango mai tayil, manyan tagogi na gilashi shuɗi ko baƙi, da rufin kwano mai launi.

Ra'ayoyin jama'a a kan waɗannan gine-gine sun sha bamban. Wasu na ganin su ne alamar gari ya ci gaba, har sukan ce sai da su birni ke amsa sunansa. Wasu kuma, musamman waɗanda suka taɓa kwana a hawan ƙarshe cikin bazara, sukan kira su tanderu. Akwai kuma maƙwabci mai gidan ƙasa, wanda ba ruwansa da kyau ko muni, abin da ya dame shi kawai tagar bene ta buɗe a kan tsakar gidansa, iyalinsa sun rasa sutura. Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Sai dai akwai wani alƙali guda da ba a cika tambaya ba, shi ne jikin mutumin da zai zauna a ciki. Hukuncinsa ana iya auna shi, kuma shi za mu duba a wannan maƙala.

Jikin mutum murhu ne

Zafin cikin jikin mai lafiya yana tsayawa ne a wajen digiri 37 na ma'aunin santigiret. Abincin da muke ci yana ƙonewa a cikin ƙwayoyin halittar jiki dare da rana, don haka ko mutum yana zaune bai motsa ba, yana fitar da zafi kwatankwacin na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Dole wannan zafi ya sami mafita. Idan iska da bangon ɗaki sun fi fatar jiki sanyi, zafin kan sulale zuwa gare su da kansa. Ita fatar kuwa zafinta bai cika wuce digiri 33 zuwa 35 ba. To, a watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau kan haura digiri 40 da rana, lissafin yakan juya: bango da rufi su ne ke turo wa jiki zafi. A nan hanya ɗaya ce ta rage, wato gumi.

Gumi ba ya sanyaya jiki don ya jiƙa shi, sai in ya bushe. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan sirri ko da bai san sunansa ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana ɗebe zafi ya tafi da shi yayin da yake bushewa, sai na ciki ya yi sanyi. Lita ɗaya ta gumi, in ta bushe a kan fata, tana ɗauke zafin da ya kai wajen kilojul 2,400, wato kimanin abin da jikin mai hutawa ke samarwa cikin sa'o'i shida zuwa bakwai. Amma bushewar tana bukatar iska mai motsi. A sa randa a cikin akwati a rufe, a ga ko ruwanta zai yi sanyi.

Dare ya fi rana haɗari a wannan fage. Barci mai nauyi ba ya samuwa sai zafin jiki ya ɗan sauka, kuma a lokacin ne zuciya ke hutawa daga aikin turo jini zuwa fata. Idan ɗaki ya ƙi yin sanyi kwana da kwanaki, tsofaffi da jarirai da masu juna biyu da masu ciwon zuciya ko ƙoda su ne kan fara jigata. A farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga zafin digiri 48.5, kuma asibitocin Bamako sun ga mace-macen da suka zarce na kullum nesa ba kusa ba. Yankinmu da nasu duk gefen Sahara ɗaya ne. Iyayenmu sun daɗe da samun maganin daren bazara: a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin sarari, jiki ya saki zafinsa zuwa sama. Mai zama a hawa na uku ba shi da tsakar gida. Wannan babbar hasara ce da ya kamata mai zanen gini ya biya shi diyyarta ta wata hanya, ko da baranda mai faɗi ce ko saman bene mai katanga da za a iya kwana a kai.

Darasin raƙumi

A shekarun 1950, wani masanin halittu mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya yi bincike a kan raƙuma a Saharar Aljeriya, ya gano wani abin mamaki. Raƙumin da bai sami ruwa ba yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, sannan ya riƙa hawa a hankali har ya haura 40 da yamma. Wato maimakon ya ɓarnatar da ruwa wajen yin gumi, sai ya ajiye zafin rana a cikin ƙaton jikinsa, dare ya yi ya sake shi a iska kyauta.

Abin da katangar ƙasa mai kauri ke yi ke nan. Ɗalibin Kwatarkwashi ko na Tsafe da ya taɓa ɗora hannu a kan dutse bayan magariba ya san yana da ɗumi, alhali da hantsi sanyi gare shi. Abu mai nauyi da kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Bangon tubali da soron da aka rufe da azara da ƙasa sukan riƙe zafin rana na sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa ciki, shi ya sa zauren ƙasa ke da sanyi da azahar. Bulon siminti mai rami, inci shida ko tara, ba shi da wannan haƙuri. Kwano kuwa ko kaɗan ba shi da shi, da rana ta taɓa shi ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ya feso wa na ƙarƙashinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka yabon ginin ƙasa nake yi ido rufe. Zafin da ya haɗiye da rana da dare yake amayar da shi, rabi waje rabi ciki, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake gudun ɗaki a daren bazara. Yana son yaɓe akai-akai, damina mai ƙarfi tana kayar da shi, ƙananan tagoginsa kuma ba su wadatar da iska. Darasin da ke cikinsa shi ne muhimmi: kauri da rana, buɗewa da dare.

Gilashi shi ne akasin raƙumi. Hasken rana yana ratsa shi cikin sauƙi, ya faɗa a kan daɓe da kujeru ya koma zafi, shi kuma zafin ba ya iya ratsowa waje da sauƙin da haske ya shiga. Wanda ya buɗe motar da aka ajiye a rana tagogi rufe ya ga aikin. An ƙago ginin gilashi ne a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, inda rana abar nema ce. Mai launin duhu ma bai tsira ba, domin yana shanye hasken ya yi zafi shi kansa, ya tura wani kaso cikin ɗaki. Irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta. Ran da aka ɗauke wuta, man janareta kuma ya gagara, a ranar ake sanin ingancin zanen.

Akwai kuma maganar fuskantar rana, wadda ba ta cin ko kwabo amma ana yawan yin sakaci da ita. Gusau tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana takan bi ta tsakiyar ka sosai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, sauran lokutan ma ba ta karkata da yawa. Ma'anar wannan ita ce, rufi shi ne ya fi shan rana, sai bangon gabas da safe, sai na yamma daga azahar zuwa faɗuwarta, lokacin da iska ma ta riga ta yi zafi. Bangon kudu da na arewa kuwa ɗan rufin da ya zarto a kan taga ya isa ya yi masu inuwa. Ke nan ginin da ya dace shi ne wanda dogayen ɓangarorinsa ke kallon kudu da arewa, ya bai wa gabas da yamma ƙeya. Amma abin da aka saba gani shi ne, duk inda titi yake can ake juya gilashin, ko da yamma ce.

Shuri da huhu

Mu koma ga gara. Shurin da muke gani a gona dogon bene ne idan aka gwada shi da girman maginansa. Manyan gara na jinsin Macrotermes suna zaune dubu ɗaruruwa a ƙarƙashinsa, suna noma wani irin naman kaza a kan itacen da suka tauna. Su da gonarsu duk numfashi suke yi, suna shan iskar oksijin suna fitar da kabon dayoksaid. A 1996 aka buɗe wani gini mai suna Eastgate a Harare, babban birnin Zimbabwe, wanda mai zanensa Mick Pearce ya ce daga shuri ya ɗauko dabararsa. Da dare fankoki na jawo iska mai sanyi ta bi ta cikin kankaren ginin, da rana kankaren ya sanyaya ofisoshi, iska mai zafi kuma ta fice ta bututan da ke kan rufi. Ginin na cin wuta ƙasa ƙwarai da takwarorinsa masu manyan na'urorin sanyi.

Wani abin sha'awa shi ne, binciken da ya biyo baya ya gyara fahimtar masana game da shurin kansa. Aikin Scott Turner a Namibiya, da wani da masana Jami'ar Harvard suka buga a 2015 a kan shurin Indiya, sun nuna cewa babban aikin shuri sauya iska ne, kamar huhu. Da rana siraran hanyoyin da ke gefensa sukan fi tsakiya zafi, iska ta hau ta gefe ta sauko ta tsakiya, da dare tafiyar ta juya. Numfashi ɗaya ke nan a kowane yini.

Gidan mutane ma yana bukatar huhu, kuma a ƙasarmu wannan maganar rai ce. A annobar sanƙarau ta 1996 fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Wadda ta ɓarke daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 kuwa a Zamfara ta faro, kuma nan ta fi yin ɓarna. Ƙwayar cutar na zama a maƙogwaro da bayan hanci, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Busasshiyar iskar hunturu da ƙura suna raunana fatar cikin hanci, cunkoso a ɗaki marar iska kuma ya sauƙaƙa mata tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ƙwayar tarin fuka ta ma fi haka, don takan daɗe tana shawagi a iskar ɗakin da aka rufe. Ɗakin da ke da taga a bango ɗaya kawai kamar hanci ne da aka toshe ƙofa guda. Iska na son mashiga da mafita a bangaye biyu. A benen da aka jera ɗakuna baya da baya don a ƙara yawan 'yan haya, wannan ba ya samuwa. Amma da za a bar fili a tsakiyar ginin, ko a buɗe saman matakala, sai tsayin ya zama alheri, domin iska mai zafi sama take yi, ta fita ta can ta jawo sabuwa ta ƙasa.

Inda bene ya yi nasara

Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro, wato Anopheles, ƙasa-ƙasa yake tashi idan yana farauta, yana bin ƙanshin jiki da numfashin mai barci, kuma ya fi shiga ɗaki ta tazarar da ke tsakanin kan bango da rufi. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga sakamakonsa a 2021, an gina bukkoki iri ɗaya aka ɗaga su a tsayi daban-daban. Wadda aka ɗaga mita ɗaya, sauron da ya shige ta ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, mai mita biyu kashi 68, mai mita uku kuwa kashi 84. Mita uku shi ne kimanin tsayin hawa ɗaya. Ga garuruwan bakin gulbi irin Gusau da Bunguɗu, inda ruwa ke kwanciya a fadamu da kududdufan da aka haƙa don gini, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Bugu da ƙari, iska ta fi kaɗawa a sama, kuma iyali shida a fuloti ɗaya sun bar wa noma fuloti biyar.

Sai dai benen na iya renon nasa sauron. Tankin ruwa marar murfi makwancin sauron Aedes ne, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, shi kuwa ramin sokawe da ya fashe gidan Culex ne, mai hana barci da kuka.

Ruwa da ƙashi

Tunda mun ambaci tanki, ruwa ba ya hawa bene don Allah. Kowace mita goma ta tsayi tana bukatar ƙarin ƙarfin turi daidai da nauyin iskar duniya a kanmu, wato sai da famfo mai inji. A garin da gidaje da yawa suka dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, a tambayi wanda zai hau da jarka mai lita 25 zuwa hawa na uku. Yawanci yara ne da mata. Gidan da ruwa ke wahalar isa kuwa, wanke hannu da tsaftar bayi su ne kan fara raguwa.

Nauyi ma yana da dokarsa, kuma masana halittu sun san ta. Tun 1638 Galileo ya bayyana cewa idan aka ninka tsawo da faɗi da kaurin abu sau biyu, nauyinsa zai ninka sau takwas, amma ƙarfin ƙafar da ke ɗauke da shi sau huɗu kawai. Dalili ke nan da ya sa ƙafar giwa ta zama turmi, ta barewa kuwa kamar kara. Wanda ya aza hawa biyu a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa, ya ɗora giwa ne a kan ƙafar barewa. Tanki mai lita 1,000 kaɗai, idan ya cika, tan guda ne a kan rufi. A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, ya kashe fiye da mutum 40. Rage siminti da sirantar da rodi ba su nunawa a fuskar gini, tayil yana rufe su.

An taɓa yi, ana kuma yi

Gina dogon abu da ya dace da zafi ba baƙon ilimi ba ne. Garin Shibam na ƙasar Yaman cike yake da gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama, da yawansu asalinsu tun ƙarni na 16, an matse su kusa da juna har kowane na yi wa ɗan'uwansa inuwa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, da ƙasa aka yi ta. A zamaninmu, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001, da bulon ƙasa, ya kuma yi amfani da kwano, amma sai ya ɗaga shi sama da silin ya bar rata iska na ratsawa. Kwanon ya zama laima. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace daraja a fannin zanen gine-gine. Mafi kusa da mu shi ne rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000 a Yamai, wanda Mariam Kamara da abokan aikinta suka kammala a 2016: gidaje shida masu hawa biyu a ƙaramin fili, da bulon ƙasa da aka matse da inji, kowane da 'yar farfajiyarsa da wurin shan iska da idon maƙwabci ba ya kaiwa. A ganina irin wannan ne ya fi dacewa da Gusau da Tsafe da Bunguɗu, fiye da kwaikwayon gilashin Dubai, wanda arzikin wutar lantarki ke riƙe da shi.

Gwajin da ɗalibai za su iya yi

Malamin kimiyya na iya mai da wannan muhawara aikin aji. A sami kwalaye huɗu masu girma ɗaya. A rufe na farko da gutsuren kwano, na biyu da kwanon da aka shafa wa farin fenti ko farar ƙasa, na uku da gilashi, na huɗu kuma da kwano amma a ɗaga shi a kan duwatsu huɗu, da kwali a ƙarƙashinsa a matsayin silin. A sa ma'aunin zafi a cikin kowanne, kada rana ta taɓa ma'aunin kai tsaye, a jera su a fili, a riƙa rubuta abin da suka nuna kowace sa'a daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma.

Idan makaranta na da bene, sai a faɗaɗa aikin. A rataya ma'auni ɗaya a ajin ƙasa, ɗaya a ajin sama, ɗaya a ƙarƙashin dogonyaro, wani ɗalibi kuma ya tafi da ɗaya zauren ƙasa a unguwarsu. A karanta su da asuba, da azahar, da bayan isha'i, har kwana bakwai, a zana sakamakon a takardar jadawali. A yi sau ɗaya a watan Janairu, a maimaita a Afrilu, domin ɗakin da ya yi daɗi da hunturu ba lalle ne ya yi daɗi da bazara ba. Masu kwanan makaranta su lura musamman da karatun bayan isha'i.